A Bar Mai Tukunya da Yashi Ta Koyi Kwalliyar Kek

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili, domin akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da shafinku na girke-girke ya kawo jerin kayan da aka ce sai mace ta tanade su kafin ta fara koyon kwalliyar kek. An lissafa obin na lantarki, da miksa irin mai zaman kanta, da firji, da sikeli, da faifan juyi, da saitin nozul, wato bakunan da ake matso ado ta cikinsu, cikin akwati, da kaloli har ban san adadinsu ba. 'Yar maƙwabciyata ce ta shigo mini da jaridar, yarinya 'yar aji biyar a sakandare wadda ta daɗe tana leƙo ni duk ranar da ta ji ƙamshi. Ta ajiye mini a kan tabarma ta ce, "Anti, ashe dai abin na masu kuɗi ne." Yadda ta faɗi maganar, murya ƙasa-ƙasa, shi ya hana ni yin shiru.

Ban ce wadda ta rubuta ta yi ƙarya ba. Duk wadda za ta buɗe shago, tana karɓar odar biki da suna, tana bukatar waɗannan kaya har da ƙari. Kuskuren shi ne an ɗora wa mai koyo kayan mai sana'a. Ni malamar firamare ce a Kano, 'ya'yana huɗu, shekara biyar ke nan da ɗoriya ina wannan abu don sha'awa kawai, kuma har yau ba ni da obin, ba ni da miksa. Firjin gidanmu kuwa, da yadda wuta take a unguwarmu, kusan kabad ya zama.

Na fara ne a 2020, lokacin kullen korona, da aka rufe makarantu tun watan Maris, aka kuma hana fita a Kano a watan Afrilu. Mutum ya saba da hayaniyar yara sama da sittin a aji, sai ga shi zaune daga shi sai bango. Kek ɗin gwangwani dai na iya tun ina gida, irin wanda ake yi na gara da na salla, a soya cincin a gefe, a jera a bokiti. Abin da ban taɓa yi ba shi ne babba guda ɗaya wanda ake yi wa ado. Na ce bari in gwada, in ya ƙone ma yara ba za su bar shi ya kwana ba.

Gashin tukunya ba wani sirri ba ne, amma tunda shafinku bai ko ambace shi ba, bari in faɗa yadda nake yi. A sami tsohuwar tukunya mai kauri wadda aka haƙura da ita, domin bayan wannan aiki ba za ta ƙara yin miya ba. A wanke yashi mai kyau a shanya ya bushe sarai, a zuba a gindinta kamar kaurin yatsu biyu. A rufe, a ɗora a wuta kamar minti goma sha biyar har ta ɗau zafi. Kada a zaunar da gwangwanin kek a kan yashin kai tsaye, gindinsa zai ƙone tun cikinsa bai nuna ba. Ni ƙananan duwatsu uku nake sawa, kamar murhu. Wutar ƙasa kaɗan ake so. Idan da kurfoti ake yi, a ɗebi garwashi a zuba a kan murfin, shi ke sa saman ya yi ja. Sai kuma haƙuri, wanda ya fi komai wuya: rabin awa na farko ba a buɗewa, ko da zuciya tana ta raya maka cewa ya ƙone. Iska mai sanyi na shiga, tsakiyarsa za ta lotsa. Bayan nan a soka tsinken sakace, in ya fito a bushe ya yi. Kek uku na ƙona kafin na gane wutar kurfotina, na huɗu kuma ya fito kamar an yi oda. Kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Garin da matan Jakara suke manna gurasa a jikin tanderu tun kaka da kakanni, a nan ne za a ce mana ba a gashi sai da na'urar lantarki?

Awona ma na gwangwanin madara ne: fulawa uku, sukari ɗaya da rabi, bota leda ɗaya mai giram 250, ƙwai huɗu, bekin foda ƙaramin cokali biyu, da ɗan filebo. Muciya ce miksata. Ana buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, abin da ke cin minti ashirin da damtse guda. Ɗana na biyu ne ke karɓa ta idan na gaji, ladansa lasar kwano.

To, wannan duk gashi ne. Kwalliya ita ce maganar da ta kawo ni, kuma a nan ne nake ganin an fi ruɗa 'yan mata. Ranar da na fara kallon yadda ake zana layi a kan kek a waya, sai na yi dariya ni kaɗai. Matar ta naɗe leda ta yi tsini, ta zuba kwaɓi, ta yanke bakin, ta riƙe tana matsawa da babban yatsa tana jan layi. Na ce wannan ai ƙunshi ne. Abin da ƙanwata take yi wa amare ke nan tun tana 'yar shekara goma sha uku. Ledar iri ɗaya ce, naɗin iri ɗaya, salatif ɗin da ake manne ta ma iri ɗaya. Ɗaga hannu kaɗan a bar layin ya faɗo da kansa don kada ya karkace, da tsayar da matsi kafin a ɗauke hannu don kada ɗigo ya yi wutsiya, da ɗauke numfashi idan an zo lanƙwasa, duk mai zanen lalle ta san su, ko da ba ta taɓa ganin kek ba. Hausa ma ta riga ta haɗa mana abin: da garin da ake kwaɓawa da adon da ake zanawa, duk fulawa muke ce musu.

Da aka sassauta kulle na kira ƙanwar tawa, na kwaɓa aisin, wato kwaɓin sukarin da ake yi wa kek ado da shi, na miƙa mata. Ta ɗan matsa a bayan hannunta ta ce, "Yaya, ya yi tauri, ƙara masa ruwa ɗigo biyu." Ba ta taɓa riƙe aisin ba, amma hannunta ya san kaurin da ke tafiya. Cikin minti goma ta zagaye faranti da zanen da ni sai da na yi wata uku kafin na kusa da shi. Tun daga ranar na daina ganin abin a matsayin ilimin da sai an sayo daga waje. Dubi mai ɗinkin hula yadda take ƙirga zare ido ba ya kuskure. Dubi zanen jikin ƙwarya, da na bangon tsofaffin gidajen cikin birni, da dagin da ke jikin babbar riga. Dubi dubulan ma, yadda iyayenmu suke murɗa shi su nannaɗe ya fito kamar an saƙa. Hannun yana nan a gidajenmu, sukari ne kawai ba a ba shi ba.

Ga yadda na koya ba tare da na yi ɓarnar ƙwai ba. Ba a koyon kwalliya a kan kek. Na kife kwanon samira a kan tire, shi ne kek ɗina na wata da watanni. Na kwaɓa bota mai araha da garin sukari sau ɗaya, in zana a jikin kwanon, in duba, in kankare da cokali, in mayar cikin leda, in sake. Wannan kwaɓin ba na ci ba ne, na ajiye shi daban a roba mai murfi, ya yi mini makonni. Da na zo koyon siraran layuka ma ban taɓa sukari ba: fulawa da ruwa da ɗan gishiri na dama, na tace, ina zana a bayan faranti bayan sallar isha'i idan yara sun kwanta. Minti ashirin kullum. Maigida ya shigo wata rana ya tarar da ni ina yi wa kwano ado, ya tsaya ya kalle ni ya ce, "Malama, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, jinga nake.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon bayani. Zaren ɗinki ke yanke mini saman kek ya daidaita. Sabuwar rula ta ƙarfe, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita ke share mini gefe ya yi sumul. Kwali mai kauri da aka naɗe da takardar foyil shi ne mazauni. Idan aka yanke bakin leda a miƙe za a sami layi da ɗigo, idan aka yi masa yanka biyu kamar bakin tsuntsu sai ya ba da ganye. Nozul guda ɗaya tak na saya a kasuwar Sabon Gari, mai bakin tauraro, domin shi kam leda ba ta iya kwaikwayonsa. Faifan juyi kuwa, shekara biyu ina juya tire a kan kifaffen kwano, sai wani ƙanen maigida mai walda ya ga wahalar, ya cire boris daga tsohuwar fankar sama ya haɗa mini da faranti biyu na ƙarfe. Yana ɗan ƙara idan yana juyawa, amma bai taɓa kayar mini da kek ba.

Abin da na so shafinku ya yi magana a kai, bai yi ba, shi ne yanayin garinmu. Yawancin darussan da muke kallo a waya a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, ko a ɗakin da iyakwandishan ba ya mutuwa. Botar madara ta asali tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu Kano tana kai 40 har ta wuce. Ni da kaina na ɗanɗana. Mako guda bayan ƙaramar sallar 2021 aka yi sunan 'yar ƙanwar maigida a Hotoro. Na kwana ina jera furanni ruwan hoda a kan kek, na ɗauki hoto, na ji kaina ya yi girma. Da azahar na rungume shi a cinya cikin adaidaita sahu daga Ɗorayi. Kafin mu wuce shataletalen Dangi na ji wani abu mai ɗumi yana bin hannuna. Da muka isa na buɗe kwalin, furannin sun zame gefe guda sun taru kamar an kifar da kunu. Dangin miji cike da tsakar gida. Wata gwaggo ta leƙa ta ce, "Ayya, faten me aka kawo mana?" Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma a banɗaki na ƙarasa tawa. An cinye shi tas da cokali, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Daga nan na fara bin kalanda. Hunturu shi ne lokacin aisin ɗin bota: yana tsayawa, furen yana riƙe bakinsa, sai dai a rufe saboda ƙura. Da bazara ba na kusantarsa sai dole, in kuma dolen ta zo, bayan sallar asuba nake yi, in ƙara garin sukari da cokali guda na garin masara na kanti, kuma a ci a gida, ba tafiya. Abin da ke jure zafinmu shi ne aisin ɗin farin ƙwai: farin ƙwai ɗaya, garin sukari kamar giram 200 zuwa 250, da ɗigon lemon tsami, a buga har ya tsaya. Yana bushewa ƙamas, ba ruwansa da firji, kuma shi ne ya fi kama da lalle a hannu. Maiƙo ne abokin gabarsa, ko kwano ne da ɗan maiƙo ba zai tashi ba. Sai dai ɗanyen ƙwai ne, don haka idan ƙananan yara ko mai juna biyu za su ci, gara a yi na ruwan lemon tsami da garin sukari zalla, ko a buga farin ƙwan da sukari a kan tururi ya ɗau zafi sosai tukuna. Da damina kuma wata fitinar ce: sukari yana jan laima daga iska, abin da ka zana da dare ka tashi da safe ka tarar yana gumi, kala tana bin kala. A watan Agusta hutu nake ba kaina.

Maganar sanyaya bota kuwa, randa ce ta cece ni. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar nan ta sa tukunyar ƙasa cikin wata, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa yana bushewa, cikin yana yin sanyi. Don tumatir da alayyafo aka yi ta, amma ni kwanon aisin nake sawa a ciki idan ya fara sakin jiki. Ba za ta yi ƙanƙara ba, amma tana dawo da bota hayyacinta, musamman da bazara lokacin da iska take a bushe. Da damina ba ta da wani tasiri. Wannan dabara daga maƙwabtanmu ta yaɗu, ban taɓa ganin an ambace ta a darasin kek ko sau ɗaya ba.

Na san za a ce to kayan haɗin fa, ai su ba a ƙera su da boris ɗin fanka. Gaskiya ne, kuma nan ne takalmin yake matsa mini. Alkamar da ake yin fulawarmu mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, duk da abin da ake nomawa a Kadawa da fadamun Haɗeja. Ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas ma yawancinsa daga Barazil yake zuwa. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya iso har cikin kwanon kwaɓina. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. A shekarar buhun fulawa ya wuce naira 60,000, kiret ɗin ƙwai ya haura 5,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli 70,000 ne. A irin wannan hali, mace ta fasa ƙwai huɗu don sha'awa, sai ta yi wa kanta bayani kafin ta yi wa maigida.

Abin da na yi shi ne na rage girma, ban rage aiki ba. Kek ɗin ƙwai biyu a ƙaramin gwangwani yana ɗaukar zane daidai da na ƙwai goma, hasali ma ya fi bukatar nutsuwar hannu. Sau ɗaya a wata nake gasawa, idan an yi albashi, sauran kwanakin ni da kwanon samira ne. Mu huɗu a layinmu muke haɗa kuɗi, ɗaya ta shiga kasuwar Singa ta sayo sukari da bota da yawa mu raba, ya fi sayen ƙulli-ƙulli a shagon unguwa sauƙi. Kwalbar kala guda ta ishe mu duka shekara, tunda da bakin tsinke ake ɗiba. Garin sukari ma ina yi da kaina idan an kawo wuta: a niƙa sukari a busasshiyar bilenda, a sa garin masara cokali ɗaya a kofi guda don kada ya dunƙule, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi. Amma in faɗi gaskiya, na gida ba ya kai na kanti laushi, yana toshe bakin leda idan an zo siririn layi. Don haka na gida na shafe jiki ne, na kanti kuma ina lallaɓa shi don zane kawai. Fondan kuwa, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, na gwada sau biyu na haƙura. Yana cin sukari kamar me, ga gulukos da gilisarin da jelatin, a ƙarshe yara su ɓare shi su ajiye a gefen faranti. Ga kuma jelatin ɗin kansa, wanda daga fata da ƙashin dabbobi ake samo shi, kuma mai yawa a kasuwar duniya na alade ne. Wadda za ta saya ta duba abin da aka rubuta a jikin kwalin, kada ta karɓi wanda aka ƙulla a farar leda ba suna ba asali.

Haka ma kala. Ina roƙon 'yan uwana mata, duk garin kalar da ba a san daga inda ya fito ba, ba lambar NAFDAC a jikinsa, a bar shi inda aka gan shi. Ba a san ko na rini ba ne, kuma cikin yara zai shiga. Kicin ɗinmu ma yana da nasa. Zobo da aka dafa ya yi kauri yana ba da ja mai kyau, amma yana da hali: a cikin tsami yake ja, in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa sai ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Na taɓa ɗiga shi a farin ƙwai ban sa lemon tsami ba, aisin ya fito kalar hadari. Kurkur yana ba da rawaya, amma ɗan mitsitsi, in ya yi yawa kek zai yi ƙamshin miya. Garin zogale kore ne mai duhu, ba irin na kanti mai ƙyalli ba, ni kuma ya fi burge ni. Koko shi ke ba da ruwan ƙasa har zuwa kusan baƙi.

Akwai kuma abin da ya fi tsadar kaya gajiyar da ni. Duk wanda ya ga kek ɗina, maimakon ya ce ya yi kyau ya yi shiru, sai ya ce, "Kai, Malama, kina zaune a kan kuɗi! Me ya hana ki sayarwa?" Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, kuma ba na raina sana'a, da kuɗin ƙosai aka biya mini makaranta. Amma na gwada sau ɗaya. Wata Hajiya ta turo mini hoton kek mai hawa uku daga intanet, ta ce irinsa sak take so, ta yi ciniki kamar tana sayen tumatir da yamma. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, na makara makaranta, na yi wa yarana tsawa ba laifin komai. Da na zauna na yi lissafin gawayi da kuɗin mota, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ga shi ta ce kalar ba ta yi daidai da leshinta ba. Abin da nake yi in ji sanyi a raina ya koma abin da ke sa mini ciwon kai. Maza suna kiwon tattabaru, suna zaman dara, suna kashe kuɗi a gidan kallon ƙwallo, ban taɓa jin an tambaye su ribar da suka ci ba. Ni ma a bar ni da ledata. Mace tana da damar ta iya abu don yana yi mata daɗi kawai.

Wanda na fi alfahari da shi na yi shi ne bara da hunturu, da babbar 'yata ta yi saukar Alƙur'ani. Na gasa a tire mai kusurwa huɗu, na zana siffar allo a kwali na ɗora na yanke, da kansa da ƙafafunsa biyu. Yara suka yi wawar ɓarɓashin. Na shafe shi da aisin ɗin ruwa mai ɗan koko ya yi kalar itace, na bari ya bushe, sannan na kwaikwayi zayyanar da malaminsu ya yi mata a allonta na gaske: gidaje-gidaje masu kusurwa, da murɗaɗɗen layi a gefe, ja na zobo, rawaya na kurkur, kore na zogale, baƙin layi na koko. Ban rubuta aya ko harafi ɗaya ba, ba a rubuta Alƙur'ani a abin da za a sa wa wuƙa, zayyanar kawai na ɗauka. Ƙanwata ta ja layukan gefe, ni na cike ciki, muka kai ƙarfe ɗaya na dare da fitilar waya. Duka abin da na kashe bai kai kuɗin atamfa ɗaya mai sauƙi ba. Da aka fito da shi wajen walima, surukata ta sa aka matso mata da shi, ta gyara gilashi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba wanda zai yanka sai Malam ya gani. Aka aika da shi zaure a kan faifan boris ɗin nan. Gwaggon da ta yi mini tambayar fate tana wajen, ita ce ma ta ƙulle nata yankan a gefen mayafi za ta kai wa jikokinta.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona ga masu kula da shafin shi ne, idan za a sake kawo darasin kek, a rubuta awo da gwangwanin madara kusa da na sikeli, a faɗi yadda za a yi a tukunya kusa da na obin, a kuma faɗi watan da kowane irin aisin yake jurewa a ƙasarmu. A je a zauna da masu ƙunshi a ɗauko zanensu, a buga a jarida yadda yarinya za ta iya ɗora farar leda a kai ta bi layin. Ita kuwa 'yar maƙwabciyata, na ba ta kwanon samirar da ragowar kwaɓin gwaji, na ce ta yi mini ɗigo ɗari masu girma ɗaya kafin Asabar. Jiya uwarta ta aiko a tambaye ni wai me na ba yarinyar nan, ta ƙarar musu da ledar ƙulla gishiri.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare,
Ɗorayi, Kano.